Gyaran Tankin Tsohon Injin Kwale-kwale Idan Yana Yoyo

Malam manomi, in gonarka tana bakin Kwara ko gaɓar tafkin Cadi, ka san injin kwale-kwale shi ne jakinka. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya yi faɗi, mai kai albasa kasuwar Yawuri ba ya son dogara da filafili kaɗai. Yawancin injinan nan sun tsufa, kuma tanki yana cikin abin da kan fara ba da wahala.

Kada ka raina ɗigo. Ka tara gwangwanin madara a ƙarƙashin tankin da dare, da safe ka duba, ka ga kuɗinka. Ban da asara, fetur in ya taɓa kifi ko buhun shinkafa, warin ba ya fita, mai saye kuwa zai gane. Mafi muni shi ne gobara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a cikin jirgi, ba a ganinsa. Ashana ɗaya ta mai shan taba ta isa, kuma a tsakiyar ruwa ina za ka gudu?

NEMO WURIN YOYON TUKUNA

Sau da yawa ba tankin ne ya huje ba. Fara duba tiyo, ko ya bushe ya tsattsage. Duba famfon mai da washarsa, da robar murfi. Waɗannan canja su ake yi, ba su da tsada. Tiyon kuwa ka sayi na fetur, na ruwa ba ya daɗewa.

In duk lafiyarsu lau, goge tankin ya bushe sarai, ka shafe shi da alli. Inda allin ya fara jiƙewa, nan ne. Yawanci za ka same shi a gindi, ko a bakin haɗi, ko kusa da ƙafar da aka ɗaure tankin da ita, inda girgizar inji take tsaga ƙarfe. Na gindi aikin ruwa ne. Ruwa ya fi fetur nauyi, to duk wanda ya shiga sai ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta yi ta cin ƙarfen daga ciki. Kai kana ganin fenti kyakkyawa a waje, alhali ciki ya gama lalacewa.

In yoyo ya same ka a kan ruwa, kashe inji, ka goga sabulun wanki na sanda a ramin har ya toshe. Fetur ba ya narkar da sabulu, amma ruwa yana narkar da shi. Saboda haka dabarar kai ka gaɓa ce kawai. Wasu kan bar shi haka wata da watanni, wannan ganganci ne.

WANKI KAFIN KOME

Nan ne gyaran yake, nan ne kuma ake rasa rai. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, don tururi ne ya cika shi, tururin kuwa shi ke fashewa. Kada ka ɗauki tanki daga jirgi ka miƙa wa mai walda ya sa masa wuta, ko da ya ce maka ya saba.

Kwance tankin daga jikin inji. Juye man a jarka, a fili, nesa da murhu da fitila da yara. Zuba ruwan zafi da omo, ka girgiza sosai, ka zubar nesa da kogi. Yi haka sau 3 ko 4. Idan akwai tsatsa a ciki, jefa 'yan tsakuwa masu tsabta ka girgiza, za su kankare ta, amma ka ƙidaya su don kada ɗaya ta maƙale. Sai ka ɗauraye, ka cire murfi da famfo, ka shanya a rana kwana 2. Sansana. In har kana jin wari, sake wankewa.

Wankin nan yana da wani amfani kuma. Man waɗannan injina gauraye yake da baƙin mai, maiƙonsa kuwa ba ya barin gam ko dalma su kama.

LIƘI

Goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, faɗin yatsa biyu kewaye da ramin. Kada ka sake taɓa shi da hannu.

Ƙaramin rami, gam mai bututu biyu ya isa, wanda ake haɗawa daidai wa daida. Ka tambayi mai shago wanda yake jure fetur, don ba kowanne ba ne. Shafa da kauri, ka bar shi awa 24 kafin ka zuba mai. Gaggawa ita ke sa a ce gam ba shi da kyau.

Tsaga a bakin haɗi ta fi son dalma. Kai wa mai liƙin gwangwani, wanda yake gasa ƙarfensa a gawayi. Gawayin ya kasance can nesa, ƙarfen kaɗai za a kawo wa tankin, murfi kuma a buɗe. Dalma tana kama ƙarfe da tagulla; tsofaffin injinan Seagull na Ingila da yawansu tankin tagulla gare su, suna liƙuwa da kyau. Ba ta kama alminiyam. Tankin roba kuwa, gam ba ya zama a jikinsa, sai dai canji. Haka nan in ka goge gindi ka ga ramuka barkatai kamar rariya, kada ka ɓata kuɗinka, nemi wani tankin.

Bayan liƙi, zuba kananzir kaɗan, ka sake shafa alli, ka bar shi ya kwana. In allin bai jiƙe ba, juye kananzir ɗin sarai, ka mayar da tankin. Sa 'yar roba a ƙarƙashin ƙafafunsa don rage girgiza.

Daga nan sai ka riƙa tace mai da mazurari da ƙyalle mai tsabta, kada kuma ka zuba na gindin jarka. Ƙaramin noti na kan murfi, na shan iska, buɗe shi in za ka tashi inji, in ba haka ba mai ba zai sauka ba. In ka ajiye jirgi, rufe famfo, ka kai tankin inuwa, don zafin rana yana kumbura shi ya taɓa wurin liƙin.