Yaya Ake Haɗa Manhajar Zaɓen Gidan Abinci?

Wani mai sauraronmu daga Kano ya aiko da tambaya kan yadda ake haɗa manhajar waya mai taimaka wa mutum zaɓen gidan abinci.

To malam, ƙawata fuskar manhajar shi ne mafi sauƙi. Ginshiƙinta ingantattun bayanai ne: inda gidan yake, lokacin buɗewa, farashin kwano, da ko abincin halal ne. Wayar tana gano inda kake ta GPS, sai manhajar ta duba rumbun bayananta ta jero maka mafi kusa. Amma in ta ce akwai tuwo da miyar kuka, ka je ka tarar da ƙofa a garƙame, ka daina yarda da ita ke nan.

Wasu za su ce taurarin da masu cin abinci ke bayarwa sun wadatar. Ba su wadatar ba. A 2017 wani ɗan jarida a Landan ya kai gidan abincin bogi, wanda rumfar da yake kwana ce kawai, matsayi na ɗaya a birnin a shafin TripAdvisor da sharhin ƙarya. Saboda haka wajibi ne mai manhaja ya tura mutane su riƙa zagayawa suna tantancewa, don gani ya kori ji. Da fatan ka gamsu.