Darasi na 14: Wane Biki Za Mu Je?

Unguwar Bulumkutu tana yammacin birnin Maiduguri, a bakin babbar hanyar da ta nufi Damaturu da Kano. A makarantar da nake koyarwa a wannan unguwa akwai ƙungiyar ɗalibai masu nazarin Hausa. Mafi yawansu ba Hausawa ba ne: akwai Kanuri da Shuwa da Margi da Babur. Shekara guda cur suka yi suna zuba adashi domin su halarci bikin kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙen gargajiya, su ji da kunnensu abin da suke karantawa a littafi. Kuɗin da suka tara na tafiya ɗaya ne tak. Idan aka yi kuskuren zaɓe, wahalar shekara ta tashi a banza. Saboda haka muka zauna wata Laraba bayan an tashi daga makaranta domin a yanke shawara.

Wani yaro ne ya fara ɗaga hannu, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai Maroko nake so." A wayar yayansa ya ga bikin da ake yi a garin Isawira, a bakin teku, wanda aka fara a 1998. Zaɓen nasa ba na wauta ba ne. Masu kiɗan, waɗanda ake kira Ginawa, jikokin mutanen da aka kwashe ne daga Afirka ta Yamma aka ƙetara Sahara da su a zamanin cinikin bayi. Suna kaɗa wata babbar garaya mai tsirkiya uku, suna kuma buga ƙarafa irin sambanin Hausawa, kuma masana sun tsinci kalmomin Hausa a wasu waƙoƙinsu. Sai dai tafiyar ta jirgin sama ce, ga fasfo ga biza, kuma yawanci a watan Yuni ake yin bikin, lokacin da 'yan aji shida suke tsakiyar jarrabawar kammala sakandare. Da muka lissafa, kuɗin ƙungiyar duka ba zai kai mutum biyu ba. Aka yi dariya, aka wuce.

Wani kuma ya kawo Bikin Hamada na ƙasar Mali, inda Buzaye suke kiɗa a kan rairayi. An fara shi a 2001, ya yi suna har Turai da Amurka. Abin da yaron bai sani ba shi ne tun 2012 rabon da a yi shi a Tumbutu, yaƙi ya tsayar da shi. Hoton bidiyo ba ya tsufa a intanet. Mutum zai kalli taron da ya watse shekaru da yawa, ya zaci jiya aka yi. A nan ajin ya yi tsit. Ɗan Maiduguri ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda rikici yake kashe kiɗa. An kuma ambaci taron Ingal a jihar Agadas ta Nijar, inda makiyaya suke haɗuwa a ƙarshen damina, Buzaye suna kiɗan tande, Fulani Bororo suna rawar gerewol. Nisa da halin hanya suka hana mu daɗewa a kansa.

Da na ga sunayen garuruwa kawai ake jerowa, sai na tambaye su, "Shin me kuke so ku ji?" Domin bukukuwan kiɗa iri biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba zai iya dawowa yana cizon yatsa. Akwai wanda ake kafa dandamali, a jera kujeru, kowane rukuni ya hau ya yi 'yan mintoci ya sauka. Bikin fasaha da al'adu na ƙasa, wato NAFEST, wanda aka fara a 1970 kuma yake zagaya jihohi, irin wannan ne. Amfaninsa shi ne a mako guda za ka ga raye-rayen ƙabilu da dama. Akwai kuma wanda za ka tarar da kiɗa a bakin aikinsa. A wajen Bahaushe kusan kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe. Gangar noma tana bin manoma gona ranar gayya. Kotso na makaɗan fada ne, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. Tambari da kakaki kuwa na sarki ne, ba a buga wa talaka su komai dukiyarsa. Kalangun da aka kaɗa a kan dandamali, da wanda aka kaɗa wa ɗan dambe yana tsuma zai shiga fage, sautinsu ɗaya ne, amma a na biyun ne kawai za ka gane dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi. A ganina, ɗalibin harshe irin na biyun ya fi bukata, don a can ne zai ji kirari da take da zuga suna aiki.

Nan take aka ce to a tafi Hawan Sallah na Kano. Tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Damaturu da Potiskum da Azare. A can, musamman ranar Hawan Daushe, ana jin kakaki da algaita da tambura, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Shugabar ƙungiyar ce ta rushe wannan shawara. Ta ce, "Malam, wane uba ne zai bar 'yarsa ta yi Sallah a wani gari? Kuma ai mu ma muna da hawan Mai Martaba Shehu, muna jin algaita da ganga a ƙofar fada." Ban sami abin da zan ƙara a kan maganarta ba.

Sai aka zo kan Argungu, a jihar Kebbi, kuma a nan muka ci sauran yammacin. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan daɗaɗɗiyar gaba. Akan yi shi da rani, wajen Fabrairu ko Maris, kuma UNESCO ta karrama shi a 2016. Wanda bai sani ba zai ce wannan ai bikin kifi ne, ina ruwansa da kiɗa? To, a kwanakin bikin ana kokawa da dambe, kowanne da makaɗansa. Ana wasannin ruwa da ake kira kabanci, kamar tseren kwalekwale da ninƙaya da kamun agwagwa. A ranar ƙarshe dubban masunta sukan jeru, kowa da homarsa da gorarsa. Da an ba da alama sai su ruga su faɗa kogin Matan Fada, makaɗa kuma suna cikin kwalekwale suna bi ta tsakaninsu suna zuga su. Sarkin Ruwa ne mai kula da kogin, kuma wanda ya kamo kifi mafi nauyi, galibi giwan ruwa, shi ne gwarzo.

Akwai wata riba da ta shafi ɗalibaina kai tsaye. Hausar da muke koyo a aji daidaitacciya ce, wadda ta fi kusa da ta Kano. A ƙasar Kabi da Sakkwato kuwa za su ji "shina zuwa" maimakon "yana zuwa", su ji "mi" maimakon "me", su ji "lahiya" maimakon "lafiya". Da irin wannan karin harshe manyan makaɗan fada na yammacin ƙasar Hausa suka yi waƙoƙinsu, shi ya sa ɗalibai da yawa suke cewa ba sa gane su. Kwana uku a Argungu zai buɗe musu kunne fiye da darussana na zango guda.

Amma ban ɓoye musu sauran maganar ba. Daga Bulumkutu zuwa Argungu ya haura kilomita 1,000, kuma ba a bin hanyar Damaturu da dare, saboda haka dole a kwana a Kano. Daga Kano zuwa Sakkwato hanya ta ratsa Zamfara, wadda ta daɗe tana fama da 'yan fashin daji. Shi kansa bikin ba kowace shekara ake samun yin sa ba: bayan na 2009 sai da aka kai Maris na 2020 kafin a sake. Wata yarinya 'yar asalin Gashuwa ta tuna mana cewa a ƙasar Bade, cikin jihar Yobe, ana yin bikin kamun kifi a Gogaram, da kiɗa da rawa, kuma a yini guda za a isa.

Bayan doguwar muhawara aka tsaya a kan Argungu, bisa sharuɗɗa biyu: ba za a ba direba ko kwabo ba sai hukuma ta sanar da ranar bikin, kuma ba wanda zai hau mota sai da yardar iyayensa a rubuce. Idan labarin hanya bai yi daɗi ba mako biyu kafin tafiya, sai a juya zuwa Gogaram. Aka ɗora wa shugabar ƙungiyar rubuta wa iyaye takarda da Hausa, wani yaro kuma ya ɗauki nauyin karanta ta da Kanuri ga waɗanda suka fi jin sa.

Ma'anar wasu kalmomi

adashi: kuɗin da mutane suke zubawa lokaci-lokaci domin tarawa.
tsirkiya: igiyar da ake ɗaura wa garaya ko baka.
tsuma: rawar jiki saboda zumuɗi ko jin kirari.
take: kiɗan da aka keɓe wa wani mutum ko wata sarauta.
homa: ragar kamun kifi ta hannu.

Tambayoyi

1. Me ya hana ƙungiyar zuwa Maroko?
2. Bayyana bambancin kiɗan dandamali da kiɗa a bakin aikinsa, ka kawo misali daga al'adar garinku.
3. Mayar da wannan jimla zuwa daidaitacciyar Hausa: "Shina lahiya."
4. Rubuta takardar da shugabar ƙungiyar za ta aika wa iyaye.