DARASIN HAUSA: MECE CE DIRAMA?

Darasinmu na yau a kan wata kalma ce da kowa ke faɗa, wato dirama. Asalinta daga harshen Girkanci ne, inda take nufin aikatawa. Ta shigo mana ta bakin Turawa. Larabawa na cewa tamsiliyya ko masrahiyya, mu kuwa mu ce wasan kwaikwayo.

Ma'ana ta farko: wasan da ake kwaikwayon halin mutane don a nishaɗantar, a kuma gyara. Kalmar ce baƙuwa, amma abin namu ne tun kaka da kakanni. Ku dubi tashe da yara ke yi a Bebeji da Tudun Wada idan azumi ya kai kwana goma. Yaro zai manna gemun auduga, ya tokara sanda, ya zama tsoho tukuf. Haka ma kalankuwa bayan kaka, inda samari ke naɗa sarki da alƙali na wasa. Daga baya aka fara rubutawa, kamar Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Sai rediyo da talabijin, inda Usman Baba Pategi ya yi suna da Samanja. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo.

Ma'ana ta biyu: rigima ko abin mamaki da ya tara jama'a. Misali: "Jiya an sha dirama a tashar Kwanar Ɗangora tsakanin direba da kwandasta."

Ma'ana ta uku: ƙaryar hali. Misali: "Tashi ka tafi makaranta, ka daina mana dirama."

To, a nan ne ake son ku lura. Mai tashe ba maƙaryaci ba ne, domin kowa ya san gemun na auduga ne. Amma mai kwanciyar ciwon ƙarya yaudara yake yi, kuma ranar da ciwon gaske ya zo ba mai yarda da shi. Iyaye kuma a yi hattara: kafin a ce wa yaro dirama yake yi, a taɓa jikinsa tukuna. Zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran gardama.

Aikin gida:
1. Kawo jimla ɗaya a kan kowace ma'ana.
2. Tambayi kakarka wane tashe suka yi da ƙuruciya, ka rubuto mana.