Ba Aboki Waƙa Amana Ce

A duk sa'ad da aka dawo daga hutu, tun ba a gama shimfiɗa katifu ba za ka ji 'yan ɗaki suna tambayar juna, "Wace waƙa ake yayi a garinku?" Da yake doka ta hana mu riƙe waya a makaranta, da baki ake ba da labari. Mai so sai ya rubuta sunan waƙar a bayan littafinsa, in hutu ya zo ya nema. To, nufina a nan shi ne in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa wannan ɗan abu da muke yi yana da nauyi, kuma yana da ƙa'ida.

Da farko dai, al'adar ba da mu ta fara ba. Kakanninmu sun yi aron faifan garmaho, iyayenmu sun yi musayar kaset, suna kuma aika kati gidan rediyo a sa wa masoyansu waƙa a shirin Zaɓi Sonka. Yanzu kuwa memori ne da Bluetooth da WhatsApp. Hanya ce kawai ta sake, amma har gobe waƙar da aboki ya ba aboki ita ce ke yin nisa.

Ga misali. A 2008 wani saurayi daga cikin Abzinawan Nijar, mai kaɗa jita, ana ce da shi Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Ba talla aka yi masa ba, mutane ne suka riƙa tura wa juna waƙoƙin daga waya zuwa waya har suka ƙetare hamada. Wani Ba'amurke mai kamfanin faifai, Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya a wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani faifai da ya fitar a 2011. Daga nan aka nemo mai waƙar, har ya kai ga yin wasa a Turai da Amurka. Kun ga ke nan masu tura waƙa su ne suka ɗaga shi. Haka nan kuma waƙar da kowa ya daina ba wani, sannu a hankali sai ta mutu.

Saboda haka, in za ka ba aboki waƙa, ka haɗa masa da abubuwa uku. Na ɗaya, faɗa masa wanda ya yi ta. Bai isa ka ce "wata tsohuwar waƙa" ba. Ka ce ta Alhaji Mamman Shata ce, mutumin Musawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999.

Na biyu, nuna masa kayan kiɗan, don kunnensa ya koyi bambancewa. Shata da kalangu yake waƙa. Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo makaɗan fada ne, da kotso suke yi. Haruna Uji gurmi yake kaɗawa, Barmani Coge ta Funtuwa kuwa kiɗan ƙwarya take yi, watau amada. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake zama da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi.

Na uku, wanda ya fi duka, gaya masa abin da waƙar ke cewa, da dalilin da ya sa ka so ta. Waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya tana sa mutum ya dubi wahalar yaran mota da idon tausayi. Wanda ya san haka kafin ya saurara, ba zai tsaya ga daɗin kiɗa kaɗai ba. In kuwa ka duba ka ga waƙa ba abin da ke cikinta sai batsa da zage-zage, to ka bar ta a nan. Duk waƙar da za ka ji kunyar sa wa a gaban mahaifiyarka, bai kamata ka ɗora wa ƙanen wani ita ba.

Kada a ɗauka ina kushe sababbin waƙoƙi ne. Kowa ya ga yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gari a 2020, kuma mai son Hausa tsantsa zai same ta a bakin Aminu Ala. Shawarata ita ce, duk sabuwar waƙar da ka ba aboki, ka haɗa masa da tsohuwa guda. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Daga ƙarshe, ina roƙon iyayenmu, maimakon faɗa kaɗai, su riƙa tambayarmu abin da muke saurare, su kuma sa mana nasu su fassara mana. Akwai kalmomi da kirari a waƙoƙin Narambaɗa waɗanda sai babba ya warware mana za mu gane. Allah ya ba mu kunnen jin abin da zai amfane mu, amin.