Yadda Ake Ƙiyasta Darajar Fili da Gini a Suame Magazine da Zangon Kumasi

Darajar kasuwa ita ce kuɗin da mai saye zai biya, mai kaya kuma ya sallama, alhali kowannensu ya san abin da ake ciniki a kai, kuma babu wanda bashi ko gaggawa ta tilasta wa. Wannan ma'ana ta fitar da kuɗin da dillali ke ambata a bakin titi, domin la'adarsa tana ƙaruwa ne gwargwadon tsadar kaya. A Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda da masu sayar da kayan gyaran mota, wadda ta samo sunanta daga rumbun makamai na zamanin mulkin mallaka, shawarar da aka fi ba mai jari ita ce wai ƙasa ba ta faɗuwa, ya saya kawai. Shawara ce maras tushe, kuma ta salwantar da dukiyar mutane da yawa.

Mataki na farko: sanin abin da ake saye

Mafi yawan ƙasar Kumasi ta kujerun sarauta ce, a ƙarƙashin Asantehene, wato sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, kuma tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana a sayar da irin wannan ƙasa sayarwa ta har abada. Abin da ke canza hannu shi ne hayar ƙasa mai dogon wa'adi, wadda yawanci takan kai shekara 99 ga ɗan ƙasa idan gidan zama ne, ba ta kuma wuce shekara 50 ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Saboda haka tambayar da ke gaban kowace tambaya ita ce yawan shekarun da suka rage, tun da gidan da ya rage wa shekara 15 ba zai yi daidai da maƙwabcinsa mai shekara 70 ba, ko da magini ɗaya ne ya gina su, domin sabunta wa'adi sabon ciniki ne da sabon kuɗi.

Takardar rabon fili da basarake ke bayarwa shaida ce ta farko kurum, sai an kai ta ofishin filaye na Asantehene da Hukumar Filaye kafin ta zama cikakkiyar yarjejeniya. Wajibi ne mai jari ya biya 'yan kuɗin bincike a Hukumar Filaye da kansa, kada ya dogara da takardar da mai sayarwa ya miƙo masa, saboda sayar da fili ɗaya ga mutum biyu tsohuwar cuta ce. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, inda gidajen gado suka yawaita, a tabbatar duk magada sun amince, domin ƙin amincewar mutum ɗaya ya isa ya tsayar da ciniki shekaru a kotu. A Magazine kuwa, ba kowane mai gareji ne ke da filin da yake aiki a kai ba.

Mataki na biyu: zuwa wurin

Gani ya kori ji. A ɗauki safiyo ya auna filin, a kuma koma ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi a ga inda ruwa ke kwanciya.

Mataki na uku: kwatanci da cinikin da ya faɗa

Wannan hanya ita ce ginshiƙin ƙiyasi, kuma a nan aka fi tuntuɓe. Ana neman wurare uku zuwa biyar masu kama da wanda ake so, waɗanda aka riga aka sayar kwanan nan a unguwa ɗaya, sannan a nemi ainihin kuɗin da aka biya daga bakin mutum biyu da ba su da alaƙa da juna. Da zarar an ji adadi, a tambayi ko da wane lissafi ake magana, domin tun da aka canza kuɗi a 2007, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, har yau dattawa da 'yan kasuwa da yawa suna ƙirga da tsohon kuɗi, ta yadda miliyan ɗari a bakin wani sidi dubu goma ne kacal. A kuma tambayi watan da aka yi cinikin, saboda a ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, abin da ya sa farashin da ya kwana biyu ba ya zama ma'auni sai an daidaita shi.

Bayan haka sai a ƙara ko a rage gwargwadon bambanci. A Magazine, fuskantar babban titi ta fi faɗin fili daraja, kuma lungun da babbar mota za ta shiga ta juya ya fi wanda sai an tura mota da hannu. Wutar lantarki mai layi uku, wadda injinan walda da na feƙe ƙarfe ke bukata, tana ƙara kuɗi, yayin da ƙasar da baƙin mai ya jiƙa shekara da shekaru take ragewa ga mai niyyar gina gidan zama ko haƙa rijiya. Filin da ke kusa da shataletalen Suame, inda aka ƙaddamar da aikin gadar sama a 2022, ba a yi masa kuɗi sai an duba taswirar titi a majalisar yankin.

Mataki na huɗu: lissafin haya

A tara hayar shekara, a cire harajin gini da kuɗin ƙasa na shekara-shekara da gyara da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Alal misali, shaguna huɗu a kan sidi 500 kowane wata suna kawo 24,000 a shekara, idan kuma ɗawainiya ta ci kashi ɗaya cikin huɗu, saura 18,000, wanda za a ninka da adadin shekarun da ire-irensa ke ɗauka kafin su mayar da jari a wannan layi. Gargaɗin da ba a wasa da shi a nan shi ne kuɗin gaba. Dokar haya ta 1963 ta taƙaita shi ga wata shida, amma masu gidaje kan karɓi na shekara biyu, masu shaguna kuma kan karɓi dunƙulallen kuɗin gudwil na shekaru masu yawa, wato kuɗin samun damar shiga shago. Wanda ya sayi ginin da aka riga aka cinye hayarsa ya gaji 'yan haya babu ko sisi, don haka a ga rasit ɗin kowa, a cire adadin daga farashi.

Mataki na biyar: kuɗin sake gini

A lissafa siminti da bulo da rodi da kwano da ladan magina a farashin yau, a rage tsufa, a haɗa da darajar filin. Kwantena da rumfar kwano ba sa shiga lissafin gini.

Mataki na shida: yanke hukunci

Idan adadin kwatanci da na haya da na sake gini sun kusanci juna, darajar tana tsakaninsu. Idan ɗaya ya yi nisa, a koma a gano dalili maimakon a raba tsakiya. Duk cinikin da ya kai girman jarin iyali ya cancanci rahoton ƙwararren mai ƙiyasi, mamba a ƙungiyar safiyoyi ta Ghana, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da asarar da yake karewa. Mai jari ya riƙe kuɗinsa har sai takarda da awo da lissafi sun yi magana ɗaya, sannan ya taya.