Amsoshin Tambayoyinku: Bangon buhu da siminti zai yi ɗakin kwana?

TAMBAYA: Ambaliyar da aka yi mana a Gummi a watan Agustan 2024 ta kayar mini da ɗakuna biyu na ƙasa. Har yau ɗaya kawai na iya tayarwa, iyali suna cunkushe. Ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya nuna mini a waya yadda wasu ke kafa katako, su ɗaure buhu, su shafe shi da siminti, sai ga bango ya tsaya. Ina da tsofaffin buhunan algarara, ƙarfina kuma bai kai na bulo ba. Wannan abu gaskiya ne ko rufa-ido? In gaskiya ne, zai yi ɗakin da yara za su kwana?

Daga wani magidanci, Gummi

AMSA: Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye na gaba.

Abin da ƙanenka ya nuna maka ba rufa-ido ba ne. Buhu yana shan siminti ya sandare, bango ya tsaya, ruwan sama ya dake shi ya gangare. Amma shawarata, Malam, kada ka yi ɗakin kwana da shi. Yi makewayi, yi madafa, yi akurkin kaji ko shingen tsakar gida a madadin zana. Simintin da ka tanada domin ɗakin yara yana da wurin da ya fi dacewa da shi, zan zo kansa. Ka yi mini haƙuri in bi da kai a hankali, domin tun farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, ba wanda ke da buhun da zai yi gwaji da shi a banza.

Dabarar ta girmi wayar da ka gan ta a ciki. Wanda ya fi shahara da ita wani injiniya ne na ƙasar Ailan, James Waller. Labarin da ake bayarwa shi ne, a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Salonika ta ƙasar Girka, ya ga tantin soja da aka shafe da ruwan siminti ya bushe, aka zare sandar tsakiya, tanti ya ƙi faɗuwa. Bayan yaƙi ya ziyarci kangon fadar Kisra a Mada'in, kusa da Bagadaza, wadda duk mai zuwa maulidi ya sha jin labarin tsagewarta. Bakan ginin nan, na tubali ƙonanne, ya haura shekara 1,400 a tsaye. Waller ya haɗa abubuwan nan biyu. Sai ya kafa bakuna na katako a jere, ya shimfiɗa algarara a kansu, ya riƙa shafa kwaɓin siminti da yashi hawa-hawa. In ya bushe ya kwashe katakon ya kai gaba. A Yaƙin Duniya na Biyu an yi wa sojoji ɗakuna ta wannan hanya, daga baya aka yi rumbuna da gidaje da ita a ƙasashe da dama. Manoman Ostareliya ma, a shekarun 1930 da talauci ya yi musu katutu, sun ɗinke buhuna sun shafe su da siminti sun yi bukkoki da ɗakunan kaji.

Akwai kuma na kamfani, Concrete Canvas, wanda ɗalibai biyu, Peter Brewin da Will Crawford, suka ƙirƙiro a Landan a 2004. Yadi ne mai busasshen siminti a cikinsa, ana naɗe shi, a shimfiɗa a watsa masa ruwa, kwana ɗaya ya ƙanƙare. An fi amfani da shi wajen daɓe magudanan ruwa. Daga waje ake shigo da shi da kuɗin waje, don haka mu ajiye shi gefe.

Ga abin da ba a cika nunawa a waya ba. Ƙarfin ginin Waller daga lanƙwasa yake fitowa. Nauyin ɗanyen siminti kan sa algarara ta ɗan lotsa tsakanin baka da baka, sai ginin ya fito tudu da kwari. Dubi kwanon rufi: da shafaffe ne, yaro ma zai naɗe shi, amma tudu da kwarin da aka yi masa ya sa yake ɗaukar kafinta. Shafaffen bango mai kaurin santimita 2 ba shi da wannan gata. Shi tare ido da iska da ruwa kawai yake yi. Nauyin rufi kuwa katakon da ke ciki ne ke ɗauke da shi, kuma ka san abin da gara ke yi wa katako a ƙasarmu. Ranar da ta cinye gindin dirka, bangon ba zai riƙe kwano ba.

Ita ma algarara ba ta dawwama a cikin siminti. Sinadarin siminti dangin na ruwan toka ne, shi ya sa hannun lebura ke tsattsagewa. A hankali yake cin zaren tsiro, ya busar da shi ya mai da shi mai saurin karyewa, balle inda bango ke jiƙa yana bushewa duk damina. Aikin buhu na gaskiya shi ne ya riƙe kwaɓi har ya kama jikinsa. Bayan wasu shekaru abin da zai rage maka siririn filasta ne kawai. Buhun leda irin na taki da shinkafa ba ya jin wannan sinadari, sai dai santsi gare shi, siminti ba ya kama shi, ɓamɓarewa yake yi faifai-faifai.

Yanzu mu yi lissafi, don nan ne maganar take. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12, tsayinsa mita 2.5. In an cire ƙofa da taga, faɗin bangonsa duka zai kai wajen murabba'in mita 30. Buhun siminti mai kilo 50, in an haɗa shi da yashi ninki uku, yana ba da kwaɓi wajen lita 100, wanda zai rufe murabba'in mita 5 a kaurin santimita 2. Ke nan buhu 6. Ƙara ruwan simintin shafin farko da abin da zai zube ƙasa, ka kama buhu 7 zuwa 8. Ba a sa kuɗin katako da ƙusa ba tukuna. Ɗakin nan da bulo mai inci 6 zai ci bulo wajen 300, siminti kamar buhu 11 ko 12 har da na ɗorawa, ban da filasta. Rarar da ka samu buhu 4 ce ko kusa da haka, katako kuma zai lashe ta. Ka kashe kusan kuɗin bulo, ka samu bangon da ƙafa ɗaya za ta fasa. A yankin da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga da ɓarayi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai zafi. A watan Maris da Afrilu, zafin Gummi da Anka da Bukkuyum yana haura digiri 40. Katangar ƙasa mai kauri tana ɗaukar sa'o'i da yawa kafin zafin rana ya ratsa ta, shi ya sa ɗakin ƙasa ke da sanyi da azahar. Bango mai santimita 2 nan da nan yake ɗaukar zafi ya zuba shi ciki, ga kwano a sama. Da hunturu kuma sanyin asuba haka zai shigo ba shamaki. Babba zai jure, amma jariri da mai jego fa? Watannin zafin nan su ne kuma lokacin sanƙarau, lokacin da ake roƙon mutane su kwana inda iska ke shiga.

Dole in ba dabarar haƙƙinta a wuri ɗaya. Ba ta narkewa a ruwa, kuma na san wannan ne ya ja hankalinka, tunda ka ga katangarka ta zama laka a gaban idonka. To amma ka tuna yadda ta faɗi. Ginin ƙasa ba daga sama yake mutuwa ba. Ruwa ne ke kwanciya a gindinsa, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta, sai ka ji rugum. Matsalar duka tana cikin mita ɗayan farko. Can ya kamata simintinka ya tafi.

Ka zaga unguwarku ka dubi gine-ginen bulo da suka tsira, masallaci ko makaranta ko shago. Za ka ga shatin da ruwan ya bari a jikinsu. Wannan shati shi ne ma'auninka. Ka haƙa harsashi, ka cika shi da dutse da kwaɓin siminti in dutse na kusa, sannan ka ɗora bulo mai inci 9 har ya wuce shatin da taƙi ɗaya. Sahu ɗaya na ɗakin da muka auna bulo 30 ne, sahu 4 bulo 120, tsayinsu ya kusa mita ɗaya. Simintin buga su da ɗora su ba zai wuce buhunan nan 7 ba, sai ɗan ƙari na harsashi. Ka cike ramukan bulon, ka shimfiɗa leda mai kauri a kai don kada laima ta hau, daga nan ka ci gaba da bulon ƙasa har rufi. Cikin ɗaki ma a cike shi da ƙasa a daɓe, ya ɗara tsakar gida tudu. Kafinta ya saki bakin kwano ya fito kamar santimita 60, yaɓe kuma a sa masa makuba kamar yadda iyayenmu ke yi. Kada ka yi wa bangon ƙasa filastar siminti kai tsaye. Ba sa jituwa, filastar kan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa mafita. In kuwa filinka a kan hanyar ruwa yake, a kwarin da ke malala zuwa Gulbin Zamfara, babu irin bangon da zai hana ruwa bin hanyarsa, sai dai a nemi tudu.

Buhunanka ba su yi asara ba. Ga yadda za ka yi makewayi ko madafa da su. Kafa dirkoki, tsakanin kowace biyu kada ya wuce taku ɗaya, ka shafe su da baƙin mai saboda gara, ka gitta musu katako sama da tsakiya da ƙasa. Farke buhunan ka wanke su tas. Wanda aka taɓa zuba sukari a ciki a yi masa wanki na musamman, domin sukari ko kaɗan ne yana hana siminti kamawa. Ka ja buhun ya miƙe, ka buga ƙusa kusa-kusa, ka tsayar da bakinsa a kan sahun dutse ko bulo don kada ya taɓa ƙasa ya riƙa tsotsar ruwa. Kafin shafi, jiƙa shi. Busasshen buhu yana shanye ruwan siminti, ka wayi gari ka shafa hannu ka ga gari na zuba. Shafin farko siminti ne da ruwa zalla, mai kaurin da zai kama burushi, a cusa shi ciki da waje har ya ɓullo ta idon saƙar. Washegari a sake, wannan karon da tankaɗaɗɗen yashi daidai da siminti. Daga nan sai kwaɓi na ɗaya da uku, siriri-siriri da cokalin gini. Yashin gulbi yana da kyau, amma ka damƙe shi da laima a hannu: in ya dunƙule ya bar maka shatin laka a tafi, sai an wanke shi. In kana da halin ragar waya ta kaji, ka buga ta a kan buhun kafin kwaɓi. Ita ce za ta riƙe bangon bayan algarara ta mutu.

Ban-ruwa shi ne rabin aikin. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Siririn bango a iskar hunturu sa'o'i kaɗan ya bushe ƙayau, ya yi tsagu. Ka lulluɓe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu, ka yayyafa masa ruwa safe da rana da yamma, aƙalla kwana 7. Ƙarshen damina, kafin iska ta juya, ya fi kowane lokaci. Ka fara da fuska ɗaya, ka bar ta ta yi wata guda, ka tura ta da kafaɗa ka gani kafin ka sayi sauran siminti.

Akwai waɗanda zan ba amsa dabam da taka. Bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, irin waɗanda suka fake a filin sabuwar fadar Sarkin Anka da ba a kammala ba a lokacin, suna kwana ƙarƙashin leda da zana, ba su da filin da za su zuba harsashi. A wurinsu bangon buhu da siminti ci gaba ne. Rana ba ta yayyaga shi kamar leda, tartsatsin murhu ba ya cinna masa wuta kamar zana, mace kuma ta samu sutura. Da babu gara ba daɗi. Kai kuwa filinka ne, ginin shekaru kake so.

Magana ta ƙarshe ta fi shafar masu karatunmu na Anka da Bukkuyum. Ba a manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ido ba ya ganinta a cikin ƙura. Duk buhun da aka taɓa ɗaukar dutsen ma'adinai a ciki, kada ya shiga gida, wanki ba ya ba da tabbaci a kansa. Haka ƙasar gini da yashi: kada a ɗebo daga inda aka taɓa niƙa dutse ko shanya shi, ko kududdufin da aka wanke shi. Kai ma a Gummi, in buhunan nan a kasuwa ka saye su, ka tambayi abin da aka zuba a ciki. Na gero da dawa da gyaɗa kawai za ka ɗauka.