Darasi na 14: Harajin Lemon Kwalba

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da jiki yake samu daga abinci a rana, domin yawansa yana jawo ƙiba da ruɓewar haƙori, yana kuma share fage ga ciwon suga. To, amma shawara kaɗai ba ta raba mutum da abin da ya saba. Shi ya sa wasu gwamnatoci suka ɗora wa lemon kwalba haraji.

A shekarar 2014 ƙasar Meziko ta sa feso 1 a kan kowace lita, ciniki kuwa ya ragu, musamman a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Nijeriya ma ta sa naira 10 a kan lita a dokar kuɗi ta 2021. A irin wannan tsari, lemo mai sukari da yawa da mai kaɗan kuɗinsu ɗaya.

Birtaniya ta bi wata hanya dabam. Ta sanar da harajinta a 2016, ta fara karɓa a 2018, kuma ta auna shi da yawan sukari. Lemon da bai kai giram 5 a mililita 100 ba aka yafe masa, mai giram 8 ko fiye ya fi kowanne biya. Kafin wa'adin ya cika, kamfanoni da dama sun rage sukarin don su tsira daga harajin.

Masu suka suna cewa talaka ne ya fi jin nauyin irin wannan haraji, kuma ba hurumin hukuma ba ne ta zaɓar wa mutum abin da zai sha. Masu goyon baya kuwa suna cewa talakan ne ya fi wahala idan ciwo ya kwantar da shi. Darasin Birtaniya shi ne, harajin da ya sa kamfani ya gyara lemonsa yana amfanar har wanda bai daina sha ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tsarin Meziko da na Birtaniya?
2. Yi amfani da "share fage" da "hurumi" a cikin jimloli.
3. Wane tsari ne ya fi dacewa da ƙasarku? Kawo dalilai biyu.